Sayen Tsohon Jirgin Kamun Kifi: A Duba Katako Da Inji Kafin A Duba Farashi



Duk wanda ke cin kasuwannin bakin kogin Kwara, daga Gaya da Malanbil zuwa Dole da Lolo har a gangara Yawuri, ya san cewa a ƴan shekarun nan jirgin ruwa ya shiga sahun hajar da ake ciniki kamar babur ko buhun albasa. Bayan juyin mulkin ranar 26 ga watan Yuli na 2023, lokacin da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, mutane da kaya suka koma ƙetarewa ta ruwa, sai ga fatake waɗanda ba su taɓa riƙe filafili ba sun wayi gari su ne masu jirage. Da yake sabon jirgi da sabon inji sun fi ƙarfin aljihun mafi yawanmu, kusan kowa tsoho ya nema. Wasu sun dace. Wasu kuwa sun zuba jarin shekaru cikin ruɓaɓɓen katako da injin da ya fi daɗewa a wurin makaniki a kan yadda yake daɗewa a ruwa.

Matsayinmu a wannan fili shi ne: ɗan kasuwar da zai sa kuɗinsa a tsohon jirgi, ya nemi matsakaici mai lafiyayyen jiki, da inji daidai wa daida wanda ake samun kayan gyaransa a garinsu, kuma jirgin ya zama wanda zai iya kamun kifi da jan wasu jirage. Dalili kuwa shi ne, buɗe gada ko rufe ta magana ce ta gwamnatoci, sa hannu ɗaya yana iya kashe harkar fito a dare ɗaya. Kifi kuwa yana nan a kogi, masunta suna nan, kuma kullum akwai ƙaramin kwalekwale da ke neman wanda zai ja shi ya haura ruwa. Wanda ya sayi ƙaton jirgi don fito kaɗai, ranar da manyan motoci suka karɓe lodin, zai tsaya da abin da ba ya shiga lungun kifi, ba ya kuma biyan kuɗin man da yake sha.

Aikin Da Za A Sa Jirgin

Kafin a je bakin ruwa da kuɗi, sai mutum ya tambayi kansa wane aiki jirgin zai yi. Ayyuka biyu muke magana a kansu. Na farko shi ne jan ƙugiya, wato a saki doguwar igiya mai ƙugiya da abin yaudarar kifi a bayan jirgi, jirgin yana tafiya a hankali kamar tafiyar mutum a ƙasa, kilomita 4 zuwa 6 a cikin awa. Da wannan ake farautar giwan ruwa da tsage a wuraren da ruwa ke da zurfi. Gaskiya ne mafi yawan masuntanmu da kalli da birgi da mamari da gura suke aiki, amma giwan ruwa guda mai girma yana iya kawo kuɗin da kwandon karfasa bai kawo ba, don haka masu inji suke ƙara kula da wannan hanya. Na biyu shi ne ja, wato a ɗaura ƙananan jiragen masunta biyu ko uku ko huɗu a baya, a kai su wurin su da asuba, a dawo da su da kifinsu kafin rana ta lalata shi, ko a jawo jirgin da injinsa ya mutu, ko wanda aka yi wa lodin itace ko shinkafa daga tsibiri.

Ayyukan nan biyu abu ɗaya suke nema: jirgi mai natsuwa a ruwa, da inji mai haƙurin tafiya a hankali. Gudu ba shi da amfani a cikinsu. Wannan shi ne abin da dillalai ba su cika faɗa ba, domin jirgin da ya tsaga ruwa ya tashi kumfa a gaban mai saye ya fi saurin karɓar kuɗi.

Jikin Jirgi

A ganinmu, jirgin katako mai tsawon mita 8 zuwa 12 shi ne ya dace da wannan aiki a kogin Kwara. Wanda bai kai haka ba, igiyar ja za ta riƙa juya shi yadda ta ga dama. Wanda ya zarce haka sosai, zai ci mai, kuma zai riƙa zama a kan rairayi idan ruwa ya janye. Mu tuna cewa kogin nan yana da fuska biyu: yana cika da ruwan damina a watannin Agusta da Satumba, ya sake cika da ruwan da ke gangarowa daga Gini a tsakiyar sanyi, sannan ya janye ƙwarai a watannin Mayu da Yuni. A shekarar 1985 har tsayawa ya yi da gudu a Yamai. Jirgin da za a ci moriyarsa shekara cur shi ne mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, wanda ba ya nitsa da yawa cikin ruwa, mai ɗan faɗi yadda mutum biyu za su tsaya a gefe ɗaya su ɗago babban kifi ba tare da ya karkata har ruwa ya shiga ba.

Sai maganar katako. Kafintocin jirgi, ciki har da na Yawuri da suka yi suna a wannan sana'a, sun san bambancin jan katako mai tauri irin maɗaci, da farin katako mai laushi wanda ake kawowa daga kudu. Farin ya fi araha kuma ya fi sauƙin aiki, amma ruwa da rana suna cinye shi cikin ƴan shekaru. Idan an shafa fenti ko kwalta, ido ba ya raba su. Saboda haka muke cewa sabon fenti a jikin tsohon jirgi dalili ne na ƙara bincike. A tafi da wuƙa ko babbar ƙusa da ƙaramar guduma. A soka wuƙar a ƙasan jirgi, da wurin da katakai suka haɗu, da gindin sandunan ciki da ke riƙe da su, waɗanda su ne haƙarƙarin jirgi. Lafiyayyen katako zai ƙi wuƙa, ruɓaɓɓe kuwa za ta shige shi kamar rogo dafaffe. A ƙwanƙwasa da guduma: mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda ya ruɓe daga ciki kuwa ƙararsa a dushe take. A duba kawunan ƙusoshi. Inda aka ga tsatsa ta yi baƙin zobe a kewayen ƙusa, katakon wurin ya fara sakin ta.

Wuri mafi muhimmanci ga mai niyyar ja shi ne katakon baya, inda ake ɗaura inji. Nan ne nauyin inji da girgizarsa da ƙarfin turawarsa suke taruwa, kuma kusa da nan ne igiyar ja take ɗaure. A kama injin da hannu biyu a girgiza shi sama da ƙasa. Idan katakon ya motsa ko ya yi ƙara, to a sa kuɗin canja shi cikin lissafi, ko a haƙura da jirgin.

Kada a yarda a sayi jirgi yana cikin ruwa kaɗai, domin wannan cinikin biri ne a sama. A sa a fito da shi a kife shi a ga cikinsa da bayansa. Haka kuma kada a saye shi yana kan tudu kaɗai. Katakon da ya daɗe a rana yana tsukewa, haɗinsa ya buɗe, sai ya kwana ɗaya ko biyu a ruwa kafin ya kumbura ya rufe. Bayan nan sai a kwarfe shi tas da yamma, a sa wani amintacce ya kwana kusa da shi, a dawo da safe a ga yawan ruwan da ya shiga. Kowane jirgin katako yana ɗan yoyo. Amma wanda ya tara ruwa har idon sawu a dare ɗaya ba tare da lodi ba, yaro guda zai zama ba shi da aiki sai kwarfa, kuma ladan yaron daga aljihun mai jirgi zai fito.

Inji: Babba Ba Shi Ne Mai Riba Ba

A nan ne aka fi yin asara. Da yawa daga cikinmu suna ganin inji mai ƙarfin doki 40 shi ne inji, mai 15 kuwa na yara ne. Bari mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Injin da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, irin su Yamaha Enduro da suka cika kogunanmu, idan mai doki 40 ne aka buɗe masa wuta duka, yana shan kusan lita 20 a awa. Mai doki 15 kuwa lita 7 zuwa 8 yake sha. Ko da a kan farashin CFA 499 da gwamnatin Nijar ta tsayar wa litar fetur a watan Yuli na 2024, awa guda ta babban injin ta kai jika 10, ta ƙaramin kuwa ba ta wuce jika 4 ba. Wanda ke aiki awa 4 a rana, kwana 25 a wata, bambancin ya kai lita 1,200. Mu ce ma ba kullum ake buɗe wuta duka ba, a raba lissafin biyu: lita 600 ce a wata, kusan jika 300. Kifi nawa za a kama kafin a rufe wannan rami?

A da ana iya cewa ai akwai man Najeriya mai araha. Wannan zamani ya wuce tun ranar 29 ga watan Mayu na 2023, da shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin mai, farashi ya ninka ya sake ninkawa. Kowa a bakin iyaka ya ga yadda harkar ruwa-ruwa ta canja. In kiɗa ya canja, dole rawa ta canja.

Akwai kuma abin da masana jiragen ruwa suka daɗe da tabbatarwa: jirgi mai nauyi da ke tsaga ruwa yana da iyakar gudun da tsawonsa ya ba shi. Idan ya kusa wannan iyaka, ƙarin wuta ba ya ƙara gudu sai kaɗan, baya ne kawai zai nitse, igiyar ruwa ta tashi, mai ya ƙone. Ninka gudu sau biyu yana iya neman ƙarfi kusan sau takwas. Ma'anar wannan ita ce rage wuta kaɗan yana rage shan mai da yawa, alhali lokacin da aka ƙara a hanya ƴan mintoci ne.

Ga mai jan ƙugiya, babban inji ma cuta ne. Irin waɗannan injuna ba su son daɗewa a ƙaramar wuta: mai ba ya ƙonewa duka, buji, wato abin da ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira fulogi, yana yin baƙi, injin ya riƙa tari yana mutuwa. Mai doki 40 da aka tilasta wa tafiyar ƙasa awa uku zai wahala fiye da mai doki 15 da ke wannan gudun cikin walwala. Sannan ga nauyi: mai 15 bai kai kilo 40 ba, mutum ɗaya zai saɓa shi ya kai gida da dare, mai 40 kuwa ya haura kilo 70, sai an nemi taimako ko a bar shi bakin ruwa ga mai gadi da ɓarawo.

Shawararmu ita ce: jirgi mai mita 8 zuwa 10, doki 15 ya ishe shi jan ƙugiya da jan kwalekwale ɗaya ko biyu. Wanda zai riƙa jan uku ko huɗu yana haura ruwa lokacin da kogi ya cika, ya nemi mai doki 25. Mai 40 a bar wa manyan jiragen lodi, su ne suke da kuɗin shigar da zai ciyar da shi.

Wani zai tambaya, ina injunan zamani da ba a haɗa musu mai, waɗanda baƙin mansu yake a ma'ajinsa daban kamar na mota? Gaskiya ne sun fi tsimin fetur nesa ba kusa ba, kuma sun fi jure ƙaramar wuta, abin da ya dace da jan ƙugiya. Amma sun fi nauyi, sun fi tsada, ba su jure gurɓataccen man jarka, kuma ba kowane makanikin bakin kogi ne ya iya su ba. Ma'aunin a nan ɗaya ne: kafin a biya, a zagaya shagunan kayan gyara na Gaya ko Malanbil ko Kamba a tambayi robar famfon ruwa da zoben fistin da farfela na wannan inji. Idan an ce sai an aika Kwatano ko Legas, to injin da ya yi araha yau zai kwanta wata guda a tsakiyar kakar kifi.

Yadda Ake Gwada Tsohon Inji

A tafi da makanikin da mai saye ne ya ɗauko shi kuma shi zai biya shi, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa ko dillali. A isa da sassafe, a buɗe murfi a taɓa injin. Idan da ɗumi, an riga an tayar da shi don ya yi saurin kamawa a gaban baƙo. Lafiyayyen inji yana tashi daga sanyi da ja biyu ko uku. A ja igiyar a hankali a ji ko tana da tauri, domin igiyar da ke zuwa salalaf alama ce ta fistin da ya gaji. Idan makanikin yana da ma'aunin matsi, ya auna kowane bututun fistin, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100.

Da injin ya tashi, a duba ɗan ruwan da yake fitarwa ta baya kamar fitsari. Idan ba ya fita da ƙarfi, robar famfon ta cinye, kuma rairayin koginmu shi ne babban mai cin ta. Robar ba ta da tsada, amma injin da ya daɗe yana aiki da zafi saboda ita ya riga ya cutu. A duba fentin kan injin, in ya ƙone ya canja launi, ya taɓa yin zafi fiye da kima. A kwance ƙusar man giya ta ƙasa a ɗiga kaɗan a tafin hannu: idan ya fito fari kamar nono, ruwa yana shiga giya. Idan da ɓarɓashin ƙarfe, haƙoran giya suna cin juna. A juya farfela da hannu a ga ko sandarta ta lanƙwashe. A sa giyar gaba da ta baya a ji ko tana shiga ba tare da tsalle ba. A tambayi mai shi yadda yake haɗa mai. Ƙa'idar mafi yawan irin waɗannan injuna ita ce kashi 1 na baƙin mai cikin 50 na fetur, wato rabin lita a tankin lita 25, kuma da man da aka yi don wannan aiki. Wanda ya ce da ido yake aunawa, ko da tsohon man mota yake haɗawa, ya riga ya gaya maka tarihin injinsa.

Abu biyu kuma da ake mantawa. Na ɗaya, tsawon ƙafar inji. Akwai gajera mai kusan santimita 38, akwai doguwa mai kusan 51. Dole ta dace da tsayin katakon baya, yadda faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela zai yi daidai da ƙasan jirgi. In ta yi gajarta, farfela za ta riƙa shan iska tana ihu a banza, in ta yi tsawo kuma za ta riƙa dukan rairayi da duwatsu. Na biyu, ita kanta farfelar. Akwai ta gudu, akwai ta ja. Ta ja tana ɗibar ruwa kaɗan-kaɗan a kowane juyi, sai ta bar injin ya yi numfashi ko da lodi ya yi nauyi. Sau da yawa mutum yana ganin injinsa ya yi ƙanƙanta, alhali farfela ce ba ta dace ba, kuma kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin canja inji ba.

Daga ƙarshe a shiga ruwa da shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A yi lodi irin wanda za a riƙa yi, a ɗaura kwalekwale a baya, a haura ruwa aƙalla rabin awa, sannan a rage wuta zuwa tafiyar jan ƙugiya na wani rabin awa a ga ko zai mutu. A lura da inda za a ɗaura igiyar ja: ta kama kusurwoyin baya biyu ta haɗu a tsakiya, a kan katako mai ƙarfi. Igiyar da aka ɗaura a kusurwa ɗaya tana iya kifar da jirgi idan ruwa ya fizgi na baya. Kuma wuƙa mai kaifi ta kasance kusa da direba kullum, don ya yanke igiyar in abin da yake ja ya fara nitsewa. Mai sayarwar da ya ƙi yarda da gwaji, a ce masa Allah Ya kawo kasuwa, a wuce.

Takarda Da Shaidu

Injin jirgi kaya ne mai ƙafa, ana sace shi a wannan gaɓa a sayar a waccan. Kowane inji yana da lamba a jikin wani ɗan ƙarfe kusa da maɗaurinsa. Idan an kankare ta ko an cire, a guje shi komai arharsa, domin ranar da mai shi ya zo da jandarmomi, kuɗi da inji duka za su tafi, a ƙara da zaman amsa tambaya. A kuma kula da injin da aka sake wa fenti aka manna masa sunan kamfanin da ba shi ya ƙera shi ba. A nemi takardar sayen farko, da ta duwan idan daga ƙetare ya shigo. A rubuta yarjejeniya da lambar inji da tsawon jirgi da kuɗin da aka biya, a gaban sarkin ruwa ko shugaban masu jirage da shaidu biyu. Idan cinikin ya haɗa naira da CFA, a tsayar da kuɗi ɗaya da za a biya da shi a rubuce, musamman in akwai cikon da za a kawo daga baya, domin tun 2023 mun ga yadda naira ke iya sauya daraja tsakanin kasuwa da kasuwa. Kuma a rubuta cewa in aibin da aka ɓoye ya bayyana cikin kwanakin da aka amince, za a mayar da kaya. Wannan haƙƙi ne da shari'ar Musulunci ta bai wa mai saye, amma rubutu shi ke hana gardama. Kada a manta da lasisin kamun kifi daga ma'aikatan gandun daji da ruwa, da sanin dokar ɓangaren da za a shiga, domin kogi ɗaya ne amma hukumomi uku ne.

Masu Cewa Wannan Ɓata Lokaci Ne

Mun san akwai masu cewa, ai in ka tsaya duk wannan bincike wani zai riga ka saye. To, ya riga ka. Jirage ba su ƙare ba, kuma lokacin da ruwa ya janye, gab da damina, masu jirage da yawa waɗanda manoma ne suna neman kuɗin iri da taki, a lokacin ne ake samun zaɓi da sauƙin farashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wasu kuma suna cewa kuɗinsu bai kai na jirgi mai kyau da inji mai kyau ba. A nan muna ganin gara a sa mafi yawan kuɗin a jiki mai lafiya da ƙaramin inji, a kuma ajiye aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na jarin don gyara da man makonnin farko. Inji in ya mutu a tsakiyar kogi, filafili zai kai ka gaɓa. Katako in ya buɗe, babu abin da zai kai ka. Mutum biyu ko uku kuma suna iya haɗa hannu su sayi mai kyau guda, da a ce kowa ya sayi nasa ruɓaɓɓe.

Abin Da Ya Fi Kuɗi

Akwai jarrabawar da ke jiran duk wanda ya mallaki jirgi: ranar kasuwa, mutane sun taru a bakin ruwa, kowa da kuɗinsa a hannu. Jirgin da aka saya don kifi sai a cika shi da mata da yara da buhuna da babura, har ruwa ya rage ɗan yatsa ya shiga. Ba mu manta da watan Satumba na 2017 ba, lokacin da jirgin da ya taso daga Gaya ɗauke da ƴan kasuwa kusan 150 zuwa kasuwar Lolo ya kife a yankin Bagudo na jahar Kebbi, mutum aƙalla 33 suka rasu. Ba mu manta da watan Mayu na 2021 ba, da wani jirgi ya tsage kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, sama da mutum 100 suka rasu ko suka ɓace. Waɗannan ƴan'uwanmu ne, abokan cinikinmu ne. Mun yarda da ƙaddara, amma tsohon katako da lodin da ya wuce kima aikin hannun mutum ne, kuma mai jirgi zai amsa tambaya a kansu gobe kiyama. Duk wanda ya iya sayen inji, ya iya sayen rigunan ceto na ma'aikatansa. A sa su cikin kuɗin jirgi tun ranar farko, a daina tafiyar dare, a ja layi da fenti a jikin jirgi wanda in ruwa ya kai shi an gama lodi.

A nan muna kira ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na masu jirage a Gaya da Malanbil da Lolo da sauran tashoshi, da su buɗe littafi guda da za a riƙa rubuta lambar kowane inji da sunan mai shi, kuma kada a yi cinikin jirgi sai an shigar da shi. Muna kira ga sarakunan ruwa da su ware kafinta da makaniki amintattu waɗanda baƙo zai iya biya su duba masa kaya tsakani da Allah. Muna kira ga hukumomi a ɓangaren Nijar da Benin, da hukumar NIWA a ɓangaren Najeriya, da su riƙa duba lafiyar jirage kamar yadda ake duba takardun mota, kuma dubawar ta zama ta gaskiya, kada ta tsaya ga karɓar na goro. Ga dillalai kuma, la'adar da aka ci a kan jirgin da aka san ruɓaɓɓe ne ba za ta yi albarka ba.

Mu kuwa masu saye, mu riƙe hankalin da muke shiga kasuwar dabbobi da shi. Ba wanda ke sayen sa bai buɗe bakinsa ya ga haƙora ba, bai sa an zagaya da shi ya ga tafiyarsa ba. Jirgi ya fi sa tsada, kuma rayukan bayin Allah ne za su hau shi. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kiyaye mu da sharrin ruwa, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.